BUKA WASHINTON, BAWAN DA YA KAFA KWALEJIN MALAMAI

Mutumin da nake so in ba ku labarinsa a wannan fitowa malamin makaranta ne, kamar yadda mu ma muke fatan zama. Sunansa Buka T. Washinton, baƙar fata ne mutumin Amurka, ya rasu tun cikin shekarar 1915. Abin da ya sa na zaɓe shi, makarantar da ya kafa ta horon malamai ce irin tamu. Tambayar da ya yi ta fama da ita muddin ransa kuwa ita ce ke gaban kowane ɗayanmu, watau in mutum ya sami ilmi mai zurfi, wa ya kamata ya ci amfaninsa, shi kaɗai ko jama'arsa? Ɗalibansa sun zo masa da tasu amsa, ya canza musu ita. Bayan ya mutu kuma 'ya'yansu da jikokinsu suka sake canza wadda ya bari. Ku biyo ni a hankali mu ga yadda abin ya yi ta juyawa.

An haife shi cikin bauta ran 5 ga Afrilu, 1856, a wani ɗan gandu cikin jihar Bajiniya. Uwarsa baiwa ce mai suna Jane, ita ke dafa wa mutanen gandun abinci. Ubansa wani Bature ne, amma yaron bai taɓa saninsa ba. Ɗakin da suke kwana shi ne madafi, a ƙasa suke shimfiɗa tsummoki su kwanta. A zamanin nan doka ta hana a tara bayi a koya musu karatu. Iyakar kusantarsa da makaranta ita ce ya ɗauko wa 'yar ubangijinsa littattafai, ya raka ta har bakin ƙofa, ya leƙa ya ga yara zaune, sa'an nan ya juya ya koma bakin aiki.

Cikin 1865 yaƙin basasar Amurka ya ƙare, aka 'yanta bayi duka. Sa'an nan yana da shekara tara. Uwarsa ta kwashe su suka koma wani gari wai shi Maldin, a Bajiniya ta Yamma, inda mijinta ke aiki wurin dafa gishiri. Nan aka sa yaro shi ma, wani lokaci tun ƙarfe huɗu na asuba yake fita. Abin da ya fara ganewa na rubutu shi ne lamba 18, domin ita ake shatawa jikin gangunan da mijin uwarsa ya cika. Da uwar ta ga ya ƙwallafa rai, sai ta samo masa wani ɗan littafin koyon baƙaƙe, ya yi ta fama da shi shi kaɗai. Da aka buɗe makarantar baƙar fata a garin, sai ga mutane tuli, yara da manya har da tsofaffi masu furfura, kowa yana so ya iya karatu kafin ya mutu. Ga waɗannan mutane karatu shi ne shaidar sun zama 'ya'ya, tun da shi ne abin da aka fi hana su. A wannan makaranta ne, da malami ya tambayi sunansa, ya ga kowane yaro yana da suna biyu shi kuwa ɗaya, sai ya laƙa wa kansa Washinton.

Daga gishiri aka mai da shi ramin kwal. Wata rana yana cikin duhun rami ya ji waɗansu ma'aikata biyu suna zancen wata babbar makaranta a Hamton, inda matalauci ke iya biyan kuɗin abincinsa da aikin hannunsa. Daga ran nan ba shi da wani buri sai ita. Kafin ya tafi ya yi aikin gida wurin wata Baturiya, matar Janar Ruffner, wadda yara ba su daɗewa gidanta don tsananinta. Shi ya daure. A hannunta ya koyi shara da tsabta da cika alkawari, bai san ranar da za su yi masa rana ba.

Cikin 1872, yana da shekara 16, ya kama hanyar Hamton, tafiyar wajen mil 500. Guzuri ya ƙare masa a birnin Ricimon. Ya kwana a ƙarƙashin dakalin katako na gefen titi, da safe ya sami aikin sauke ƙarfe daga jirgin ruwa, har ya tara abin ƙarasa tafiya. Ya isa da rabin dala a aljihu, jiki duk datti. Babbar malama, Mis Mackie, ta dube shi ta yi ta jinkirin karɓarsa. Can sai ta ce ya share wani ɗakin karatu. Ya share shi sau uku, ya goge kujeru da tebura da bango sau huɗu. Ta zo ta bi da farin ƙyalle ba ta sami ƙura ba, ta ce an karɓe shi. Wannan ita ce jarrabawarsa ta shiga kwaleji. Aka kuma ba shi aikin shara da hura wuta, da shi ya riƙa biyan kuɗin abinci.

Janar Armstrong ne ya kafa Hamton cikin 1868, dokarsa kuwa ita ce a haɗa karatu da aikin hannu da gyaran hali. Washinton ya riƙe wannan hannu biyu. Ya gama cikin 1875, ya koma Maldin ya yi shekara uku yana koyarwa dare da rana, ya shirya ɗan'uwansa da waɗansu yara suka tafi Hamton. Daga nan ya yi wata takwas a wata kwaleji cikin birnin Washinton, inda ba a aikin hannu ko kaɗan. Abin da ya gani can ya tsaya masa a rai. Ɗaliban sun fi na Hamton tufafi masu kyau, waɗansu sun fi su kaifin kai, sun san Latin da Girkanci. Amma wani ke biya musu kome, kuma kaɗan ne cikinsu ke da niyyar komawa ƙauyukan kudu inda ake bukatarsu. Galibi so suke su zauna birni su sami aikin gwamnati.

Cikin 1881 yana koyarwa a Hamton sai takarda ta zo wa Janar Armstrong daga wani ɗan gari, Taskigi, a jihar Alabama. Ga asalin maganar. Akwai wani tsohon bawa a garin, Lewis Adams, gwanin ƙira da dukanci, wanda baƙar fata ke jin maganarsa. 'Yan siyasa Turawa suka nemi ya samo musu ƙuri'un mutanensa, shi kuwa ya ce ladansa a kafa musu makarantar horon malamai. Suka ci zaɓe, majalisar jiha ta yanka dala 2,000 kowace shekara don albashin malamai. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa: ƙuri'a ce ta haifi Taskigi. Masu takarda Bature suka nema ya shugabance ta. Armstrong ya amsa musu ba shi da Baturen da ya dace, amma yana da Washinton. Shekararsa 25.

Da ya iso bai tarar da gini ba, bai tarar da fili ba, kuɗin nan kuwa ba a yarda a taɓa su don gini ba. Kafin ya buɗe makaranta ya yi wata guda yana zaga ƙauyuka, yana kwana inda talakawa ke kwana, yana cin abin da suke ci. Ya ga an shuka auduga har bakin ƙofa, ba kaji, ba lambu, abinci kuwa sai a ci bashi a kanti da tsada. Amfanin gona tun yana tsaye an jinginar da shi. Ya shiga gidan da aka sayi kayan kiɗa mai tsada da bashi, alhali kuwa mutum biyar ke karɓa-karɓa da cokali mai yatsu guda ɗaya. Makarantun ƙauye wata uku zuwa biyar suke yi a shekara. Ya ga kuma wani saurayi da ya ɗan yi karatu zaune cikin ƙazamin ɗaki, ciyawa ta cinye ƙofar gida, shi kuwa ya duƙufa kan nahawun Faransanci. Ya ce bai ga abin da ya fi wannan ban tausayi ba cikin yawon duka.

Ran 4 ga Yuli, 1881, ya buɗe makaranta da ɗalibai 30 cikin wata tsohuwar bukkar katako kusa da coci. In ana ruwa sai wani ɗalibi ya riƙe masa laima yana koyarwa. Yawancin ɗaliban dā ma malaman ƙauye ne, waɗansu sun kusa shekara arba'in. To, ga ra'ayin da suka zo da shi. A wurinsu amfanin ilmi shi ne ya raba mutum da fartanya har abada. Kowa yana alfahari da girman littafin da ya karanta da tsawon sunan fannin. Akwai masu haddace dokokin lissafin banki alhali ba su iya jadawalin sau ba. Kada mu yi musu dariya. Iyayensu sun yi shekara fiye da 200 suna noma da bulala a bayansu, ba lada. Wanda ya taso haka, in ya ga aikin hannu ya ga bauta, wa zai ga laifinsa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma Washinton ya ga in aka bi wannan ra'ayi, makaranta za ta zama ƙofar da masu wayo ke bi su tsere, su bar sauran cikin bashi. Sai ya shiga gyara, ba da wa'azi kaɗai ba. Ya sami wani tsohon gandu mai eka 100 da aka sa wa kuɗi dala 500, ya ranto dala 250 wurin ma'ajin Hamton ya ba da kafin alƙalami. Abokiyar aikinsa Olivia Davidson, wadda daga baya ya aura, ta yi ta bin gida gida tana neman gudummawa har aka biya sauran. Barga da akurkin kaji aka share aka mai da su ɗakunan karatu. Ya ce bayan an tashi za a shiga saran daji. Ɗalibai suka ɓata rai, suna ganin malami guda ya fi ƙarfin wannan. Bai yi gardama da su ba, sai ya ɗauki gatari ya wuce gaba. Da suka ga shugaba da kansa yana sara, kunya ta sa suka bi. Suka share wajen eka 20 suka shuka.

Sa'an nan ya ce su za su gina ɗakunansu, kuma su za su gasa tubalin. Iyaye suka yi ta aiko da takardu, waɗansu suka zo da ƙafarsu, suna cewa karatu suka aiko 'ya'yansu, ba kwaɓar laka ba. Waɗansu ɗalibai suka tattara nasu ya nasu suka tafi. Ga shi kuwa ba wanda ya iya gashin sosai. Tanderu na fari ya lalace, na biyu ya lalace, na uku ya rushe da tsakar dare ana gab da gamawa. Ba ko sisi a hannu. Ya ɗauki agogonsa ya kai birnin Montgomery ya jinginar a kan dala 15, aka sake na huɗu, Allah ya sa ya yi kyau. Agogon bai komo hannunsa ba. Amma daga nan har Turawan garin suka riƙa zuwa sayen tubali a makaranta. Kafin 1901 an yi gini 40, duka ban da huɗu ɗalibai ne suka gina da hannunsu. Ya tsananta kuma kan wanka da goge haƙori da cin abinci a kan lokaci, domin ya ce abin da malami bai yi a gidansa ba, ba zai koya wa ƙauye ba.

Sannu a hankali ra'ayin ɗalibai ya juya. Wanda ya sa tubali da hannunsa ba ya yarda wani ya ɓata bangon. Wanda ya gama aka sa masa a rai ya koma ƙauye, ya koyar a aji, ya kuma nuna wa iyayen yara yadda za su noma abincinsu, su fita daga bashi, su sayi gonar kansu, su tara kuɗi su ƙara watannin makaranta. Tun daga 1892 ya riƙa kiran taron manoma kowace shekara a Taskigi. Cikin 1896 ya ɗauko masanin aikin gona George Washington Carver, wanda ya yi ta koya wa manoma su riƙa hutar da ƙasa daga auduga da gyaɗa da wake da dankali. Cikin 1906 aka fara fita da keken doki ɗauke da kayan gwaji, makaranta ta riƙa zuwa gona da kanta. Ya kuma shawo kan wani attajiri, Julius Rosenwald, suka fara gina ƙananan makarantu shida kusa da Taskigi, da sharaɗin mutanen ƙauye su ma su kawo nasu. Kafin 1932 irin waɗannan makarantu sun kai wajen 5,000.

Yanzu sai mu zo wurin da labarin ya yi ɗaci. Ran 18 ga Satumba, 1895, aka gayyace shi ya yi jawabi a wani babban baje koli a Atlanta, gaban Turawa da baƙar fata. Gundarin maganarsa shi ne mutanensa su mai da hankali ga sana'a da tara dukiya tukuna, su jingine neman daidaito da Turawa wajen zaman tare, Turawa kuma su ba su hanyar aiki da ilmi. Turawa suka yi ta tafi. Daga ran nan ya zama shi ne bakin baƙar fatan Amurka. Jami'ar Harvard ta ba shi digirin girmamawa cikin 1896, Shugaba Roosevelt ya ci abinci tare da shi a fadarsa cikin 1901, attajirai suka buɗe masa bakin jaka. Amma haƙurin bai sayo abin da ya zata ba. Cikin 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata. Cikin 1901 jihar Alabama ta sake tsarin mulkinta ta ƙwace ƙuri'a daga hannun kusan dukan baƙar fata, ƙuri'ar nan da ta haifi makarantarsa. Kisan gilla kuwa bai tsaya ba.

Nan ne wani masani baƙar fata, Dakta Du Bois, ya fito cikin 1903 ya soke shi a rubuce. Hujjarsa ita ce wanda ba shi da ƙuri'a ba shi da abin tsare gonar da ya saya. Kuma in ba a bar waɗansu sun yi karatu mai zurfi ba, ina za a sami likitoci da lauyoyi, ina ma za a sami malaman da za su koyar a Taskigi? Ni dai a ganina Du Bois ya yi gaskiya a nan. Sai dai a tuna Washinton a tsakiyar Alabama yake zaune, inda kalma ɗaya ta isa a cinna wa makarantarsa wuta. Bayan mutuwarsa da aka binciki takardunsa, aka tarar ashe a ɓoye yana biyan lauyoyi su kai ƙarar dokokin hana ƙuri'a. Duk da haka ba za a wanke shi sarai ba, domin ya yi amfani da ƙarfinsa ya danne jaridu da mutanen da suka saɓa masa.

Aiki da yawon neman gudummawa suka cinye ƙarfinsa. Ciwo ya kayar da shi a Niyok, ya matsa a mai da shi gida. Ya isa Taskigi, bayan 'yan sa'o'i ya cika, ran 14 ga Nuwamba, 1915, yana da shekara 59. A harabar makarantar aka binne shi. Ya bar ɗalibai wajen 1,500 da gini fiye da 100, a wurin da ya tarar da barga da akurki.

Bai daɗe da kwanciya ba ɗalibai suka sake juyawa. Waɗanda aka haifa cikin 'yanci ba su gamsu da a koya musu sana'a da ladabi kaɗai ba. Cikin 1925 ɗaliban Jami'ar Fisk suka yi yaji saboda tsananin dokoki da hana su faɗin ra'ayinsu, har shugaban ya sauka. Cikin 1927 na Hamton, makarantar da Washinton ya yi karatu a cikinta, suka yi nasu, cikin kukansu har da neman a ba su malamai masu ilmi sosai, a ɗaga darajar karatu. A shekarar nan ce Taskigi ta buɗe sashen karatun digiri. Ran 1 ga Fabrairu, 1960, ɗalibai huɗu na wata kwalejin noma da sana'a a garin Greensboro, watau irin makarantar da Washinton ke so, suka zauna a teburin cin abinci na Turawa suka ƙi tashi, abin ya bazu cikin kudancin ƙasar kamar wutar daji. A shekarar nan kuma wani malamin Taskigi, Charles Gomillion, ya ci nasara a Kotun Ƙoli kan jihar Alabama, wadda ta karkata iyakar garin don ta fitar da masu ƙuri'a baƙar fata. Ran 3 ga Janairu, 1966, aka harbe wani ɗalibin Taskigi, Sammy Younge, mai shekara 21, wanda ke taimakon mutane su yi rajistar zaɓe, don ya nemi shiga makewayin da aka keɓe wa Turawa. Waɗannan samari ba su yar da koyarwar Washinton ba. Sun yarda ilmi na jama'a ne. Abin da suka ƙara shi ne jama'a tana bukatar mai yi mata magana kamar yadda take bukatar mai koya mata noma. Taskigi kuwa ta zama cikakkiyar jami'a da suna cikin 1985.

Gardaman nan ta iso ƙasarmu. Cikin 1920 zuwa 1921 wani kwamitin binciken ilmi daga Amurka, wanda Dakta Aggrey mutumin Gwalkwas ke ciki, ya zago Afirka har Nijeriya, ya ba da shawara a bi tafarkin Hamton da Taskigi. Masu ilmi da yawa suka yi zargin dabara ce ta tsare baƙar fata a ƙasa. Da aka buɗe Babbar Kwalejin Yaba cikin 1934, samarin Legas suka yi ca, suka ce an ba su abin da bai kai jami'a ba. Sai cikin 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan.

To, 'yan'uwana, mu da muke shirin riƙe alli, ina muka tsaya? Ba boyayyen abu ba ne, da yawa cikin masu shiga kwalejin malamai ba don son koyarwa suka shigo ba, sai don ba su sami gurbin da suka nema ba. Ana jiran takardar shaida ta shigo hannu a nemi hanyar ofis, in kuwa aka tura mutum ƙauye sai ya ce an yi masa horo. Wannan shi ne ra'ayin ɗaliban nan 30 na ranar fari, su kuwa suna da uzurin da mu ba mu da shi. Neman abinci ba laifi ba ne, haƙƙin malami ne a biya shi a kan kari. Amma kuɗin talakawa ne suka gina ɗakunan da muke karatu ciki, bashi ne kuwa, sai an biya. Abin da na ɗauka daga Washinton shi ne malami ya san abin da mutanen garinsa ke ci da bashin da ke kansu, kada ya ji ƙyamar ɗaukar gatari ya wuce gaba. Abin da na ɗauka daga ɗaliban da suka zo bayansa kuwa shi ne in rufin aji ya yaye, ko aka hana yara haƙƙinsu, malami ya buɗe baki ya faɗa inda za a ji, da ladabi amma ba da tsoro ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa garuruwan da za a tura mu su yi murna da zuwanmu, amin.